Linzami Marar Waya da Kwamfutar Allo: Darasin da Na Koya a Coal Camp

Gabatarwa

Yawancin ɗaliban wannan sashe namu, idan aka zo maganar buga kundin kammala digiri, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su kai wa mai buga takardu na bakin ƙofar jami'a ya cika musu aiki da "qasa" da "xaya" da "vangare", ko kuma su duƙufa a kan wayar hannu har ido ya yi ja. Akwai hanya ta uku wadda ba a cika maganarta ba, wato amfani da kwamfutar nan mai kama da allo wadda ake sarrafawa da yatsa, da 'yan kasuwa ke kira tabilet, a haɗa ta da linzami marar waya. Wannan ɗan rubutu zai yi bayanin yadda ake wannan haɗi, da dalilin da ya sa yake da amfani, da kuma inda amfaninsa ya tsaya. Ban koyi abin a aji ba. Na koye shi ne a rumfar kawuna da ke unguwar Coal Camp a birnin Inugu, bayan wani kuskure da ya kusa ɓata cinikin shekaru masu yawa.

Unguwar da abin ya faru

Sunan Coal Camp yana nufin sansanin kwal. A shekarar 1909 ne Turawan mulkin mallaka suka gano kwal a tsaunukan Udi, aka fara haƙarsa a 1915, sannan a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal domin a riƙa fitar da shi ta ruwa. Unguwar, wadda kuma ake kira Ogbete, an kafa ta ne don leburorin haƙar, kuma tana daga cikin tsofaffin unguwannin da birnin ya tsiro daga gare su. Masu tarihin gwagwarmayar neman 'yanci ba sa mantawa da ranar 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley. Layin dogon nan, musamman bayan an gama gadar Makurɗi a 1932, shi ya sauƙaƙa wa fataken Arewa zuwa da shanu da goro da wake, wasu kuma suka zauna. Har ma a shekarun 1950 wani Bafulatani daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. Haƙar kwal ta daɗe da durƙushewa, tun da jiragen ƙasa suka koma shan dizal kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya biyo baya. Abin da aka san Coal Camp da shi yanzu shi ne kayan gyaran mota da makanikai da maƙera da masu walda.

A cikin waɗannan ne kawuna yake sana'ar sayen tsofaffin ƙarafa. Na je wurinsa a 2022, lokacin yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Niyyata ita ce in tattara bayanai a kan kalmomin Ibo da na Turancin buroka da suka shiga bakin Hausawan da suka daɗe a can. Na kuwa samu abin dariya tun ranar farko, da na ji wani dattijo Bahaushe yana ce wa makaniki "biko", na zaci matar wani ce ta yi yaji, ashe a harshen Ibo roƙo ne kawai, kamar a ce don Allah. Da yake zaman banza ba ya yiwuwa a rumfar ɗan kasuwa, sai na karɓi aikin lissafi. Na ce wa Kawu littafinsa ya tsufa, bari in zuba masa komai a jadawalin kwamfuta.

Tsarin cinikin kuwa shi ne, makanikai suna kawo ƙarfe a auna a rubuta, a biya su ranar Asabar. Wata Alhamis wani tsohon makaniki da suka fi shekara ashirin suna hulɗa da Kawu ya kawo kilo 340. Na taɓa layinsa da yatsa, ko in ce na zaci layinsa na taɓa, na rubuta adadin. Ashe layin da ke ƙasa da nasa ne ya buɗe. Ranar Asabar aka biya maƙwabcinsa kuɗin da ba nasa ba, shi kuma aka ce masa ba ya bin komai na Alhamis. Tsohon nan ya tsaya a bakin rumfa yana magana da ƙarfi, mutane suka fara taruwa. Abin da ya cece mu shi ne Kawu bai taɓa daina rubutawa a tsohon littafin nasa ba, a ɓoye, don bai yarda da allona ba tun farko. Da aka sallami kowa sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mu baƙi ne a garin nan. In aka ce Bahaushe ya ci kilo, ba ni kaɗai za a ce ba." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, yatsa ne ya zame." Ya ce, "To nemo wa yatsan magani, ko ka mayar mini da biro."

Me ya sa yatsa yake kuskure?

Da farko na ɗauka sakacina ne kurum, kuma akwai sakacin, domin ban duba sunan da ke gefen layin ba. Amma akwai dalili na kimiyya da ya kamata mai karatu ya sani. Gilashin kwamfutar allo ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai wata raga ta siraran layuka masu ɗauke da 'yar wutar lantarki, kuma jikin ɗan Adam yana ɗaukar wuta, don haka da yatsa ya kusanto sai ma'aunin wutar ya canza a wannan wuri. Wani injiniya ɗan Ingila, E. A. Johnson, shi ya fara bayyana irin wannan fuska a 1965. Na'urar ba ta ganin tsinin yatsa, tana ganin wani ɗan fili ne mai faɗi, sai ta ƙiyasta tsakiyarsa ta ce nan aka taɓa. Saboda haka ne kamfanin Google yake shawartar masu ƙirƙirar manhaja da kada maɓallin da za a taɓa ya gaza kimanin milimita 9. Layin jadawalin lissafi kuwa, idan ana son a ga layuka talatin a fuska ɗaya, bai kai haka ba. Bugu da ƙari, yatsan da kansa yana rufe abin da ake son taɓawa, wato a daidai lokacin da ake buƙatar gani ne ake makancewa.

Sai kuma yanayin wuri. Inugu gari ne mai laima, hannu ba ya rabuwa da gumi, ga baƙin mai da ƙurar ƙarfe a rumfa. Ruwa yana ɗaukar wuta kamar yadda yatsa yake yi, shi ya sa ɗigon gumi a kan gilashi yakan rikita na'urar. Haka nan idan aka sa ta caji da caja marar kyau, ko wutar janareta mai rawa, takan riƙa taɓa kanta da kanta kamar akwai aljani a ciki.

Masana halayyar ɗan Adam suna da wata ƙa'ida da Paul Fitts ya fitar a 1954, wadda ke cewa lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya danganta ne da nisan abin da kuma girmansa. Abu ƙarami mai nisa yana cin lokaci, in kuwa aka yi gaggawa sai a kuskure. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa a cibiyar binciken kamfanin Xerox suka gwada na'urorin nuni daban-daban wajen zaɓen rubutu, suka tarar linzami ya fi sauran sauri da ƙarancin kuskure. Sirrin shi ne tsinin kibiyar linzami ɗigo ɗaya ne tak, ba ya rufe komai, kuma nuni daban yake da dannawa. Mutum zai ɗora kibiya a kan layi, ya duba ya tabbatar, sannan ya danna. Da yatsa kuwa, nuni da dannawa abu guda ne, babu damar sake tunani.

Ɓera ko linzami?

Tun da mujallar ɗaliban Hausa ce, ba zan wuce batun suna ba. Wanda ya ƙirƙiro na'urar, Douglas Engelbart na cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, shi da abokin aikinsa Bill English sun haɗa ta farko da katako a 1964, aka nuna wa duniya ita ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Francisco. An sa mata sunan ɓera ne saboda wayar da ta fito daga jikinta kamar wutsiya. Wasu marubutan Hausa sun fassara sunan kai tsaye suka ce ɓeran kwamfuta, wasu suka ce linzamin kwamfuta, 'yan kasuwa kuma "maus" suke cewa. A ra'ayina linzami ya fi dacewa, domin ya dubi aikin abin ne, ba siffarsa ba: da shi ake juya kibiya kamar yadda mahayi ke juya doki. Kuma tun da aka yanke wutsiyar, wato aka cire wayar, kamar da ke tsakaninsa da ɓera ta ragu. Ita ma kwamfutar allo sunan ya zauna mata, ganin yadda ake riƙe ta kamar allon makaranta.

Iri biyu na marar waya

Nan ne na yi asarar kuɗi, don haka a kula. Linzami marar waya iri biyu ne, duk da cewa a ido kamarsu ɗaya. Na farko yana zuwa da wani ɗan ƙaramin toshe da ake cusawa a ramin USB, shi ne ke karɓar saƙo daga linzamin. Na biyu yana amfani da Bluetooth, fasahar da kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994, aka kuma raɗa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na goma. Wannan ba ya buƙatar toshe, domin kwamfutar allo tana da na'urar karɓar saƙon a cikinta.

Na shiga kasuwar Ogbete na sayi irin na farko saboda ya fi araha, na dawo na tarar allona ba shi da babban ramin USB. Sai da na koma na sayi wani ɗan mahaɗi da ake kira OTG, sannan ya yi aiki. Matsalar da ta biyo baya ita ce, rami ɗaya ne tak a jikin allon, kuma da shi ake caji. A wurin da wuta take zuwa ta awa biyu ta tafi, duk lokacin da aka kawo ta dole in zaɓa, ko caji ko linzami. Wani saurayi Ibo mai gyaran waya ne ya yi mini dariya ya ce tun farko mai Bluetooth ya kamata in nema. Akwai kuma masu baki biyu, da ke aiki da toshe da kuma Bluetooth, ana sauyawa da ɗan maɓalli a ƙasansu. Wanda zai saya ya karanta jikin kwali da kyau, ya kuma gwada a gaban mai shago, domin kalmar "marar waya" kaɗai ba ta nuna wane iri ne ba.

Haɗa mai Bluetooth ba shi da wuya. A sa batir, a kunna maɓallin da ke ƙasa, a danne maɓallin haɗi na 'yan daƙiƙoƙi har fitilarsa ta fara ƙyaftawa da sauri. Sai a shiga saitin allon a kunna Bluetooth, a jira sunan linzamin ya fito, a taɓa shi. Idan ya nemi lambar sirri, galibi 0000 ce. Sau ɗaya ake wannan, daga nan da an kunna zai haɗu da kansa. Manhajar Android ta fara karɓar linzami sosai tun daga sigar 3.1 ta 2011, kuma kibiya ce ke fitowa kamar ta kwamfuta. Kamfanin Apple ya yi jinkiri: iPad ta fito a 2010, amma sai a watan Maris na 2020, da sigar iPadOS 13.4, ta samu cikakken tsarin linzami, kuma a lokacin ɗan da'ira ne ya riƙa fitowa a maimakon kibiya.

Abin da ya canza a aikina

A jadawalin Kawu, canjin a fili yake. Na rage girman layuka har ina ganin sunayen makanikai duka a fuska ɗaya, ina gangarawa da 'yar tayar da ke tsakiyar linzamin, ina ja in zaɓi layuka goma a lokaci guda in tara su. Na kuma daskarar da ginshiƙin sunaye domin kada ya ɓace idan na matsa gefe, abin da ya kamata in yi tun kafin a yi rigima.

Amma inda na fi jin daɗinsa shi ne wajen rubuta hirarrakin da na ɗauka. Duk wanda ya taɓa gyara rubutun Hausa da yatsa ya san azabar da ke cikin sa alamar rubutu tsakanin haruffa biyu. Ka rubuta "kasa" kana nufin "ƙasa", ko "dan" kana nufin "ɗan", ka taɓa don ka goge harafi ɗaya, sai alamar ta faɗa bayan harafi na uku. Ga mu da aikin da lanƙwasa ɗaya ke raba "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa". A nawa aikin abin ya ninka, domin kalmomin Ibo suna da nasu haruffan masu ɗigo a ƙasa, irin su ị da ọ da ụ, ga kuma alamomin karin sauti da malamina ya ce dole in sa a kan kowane misali. Da linzami, dannawa ɗaya ce take kai ni daidai harafin. Dannawa biyu a jere tana zaɓar kalma sukutum. Haka nan wajen sauraren murya: idan dattijo ya faɗi kalma da sauri ina son in koma baya da daƙiƙa uku, kibiya tana kama wurin a kan layin sautin, alhali yatsa yakan tsallake da rabin minti.

Akwai wata dabara da na gano da kaina. Idan aka haɗa allon da madannin rubutu na waje, madannin da ke kan fuska yakan ɓuya, shi kuma na wajen ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. A saitin Android akwai wurin da ake cewa a bar na kan fuska ya ci gaba da fitowa. Sai in riƙa buga sauran haruffa da na waje, in danna masu lanƙwasa da linzami a madannin Hausa na Gboard. Waɗannan haruffa na tsarin Unicode ne, wato ko an tura rubutun zuwa wata na'ura ba za su rikiɗe ba. Yayyenmu da suka yi amfani da tsofaffin zubin haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun san yadda rubutu yakan koma wasu alamomi idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da zubin. A zamaninsu sun yi babban amfani, amma ɗalibin yau ba ya buƙatar sake shiga wannan wahala.

Sai lafiyar jiki. Kafin linzami, allon yana kwance a tebur ina sunkuye a kansa, ko yana tsaye hannuna na rataye a iska. Bayan awa ɗaya wuya da kafaɗa sun gaji. Yanzu ina jingina shi da littattafai ya daidaita da idona, hannu yana hutawa a kan tebur, gilashin kuma ya huta da baƙin mai.

Inda yake gazawa

Teburin Kawu an lulluɓe shi da farin kwano mai sheƙi, kuma ranar farko kibiyar ta yi ta tsalle. Dalili shi ne, a ƙasan linzamin akwai 'yar fitila da ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton saman tebur fiye da sau dubu a daƙiƙa, tana kwatanta kowane hoto da na bayansa don ta gane inda aka matsa. Gilashi ko kwano mai sheƙi ba shi da zanen da za ta kama. Bangon tsohon littafin rubutu na shimfiɗa, magana ta ƙare.

Idan aka bar shi na 'yan mintuna yakan yi barci don tattalin batir, sai an danna an jira daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wannan ba lalacewa ba ce. Idan kuma ana jan intanet daga waya zuwa allon, kibiyar takan ɗan yi nauyi, saboda Bluetooth da Wi-Fi sukan yi tarayya a zangon 2.4 GHz. Batir mai araha yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki, don haka a cire shi idan za a ajiye linzamin na makonni. Maɓallin dama shi ma ba shi da tabbas: a wasu manhajoji yana buɗe jerin zaɓi kamar a kwamfuta, a wasu tsofaffin Android kuwa baya yake mayar da mutum, har na taɓa fita daga shafin da ban adana ba.

Babban abin da nake son 'yan'uwana ɗalibai su gane shi ne, linzami ba ya mayar da kwamfutar allo cikakkiyar kwamfuta. Manhajar Praat da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka samar, wadda masu nazarin tsarin sauti ke auna tsawon wasali da karin sauti da ita, an gina ta ne don kwamfutar tebur da ta cinya. Haka ma ELAN ta cibiyar Max Planck da ke Nijmegen, da ake jera rubutu da murya da ita. Excel da Word na kan allo ma ba su da wasu abubuwan da ke cikin manyan sigoginsu. Wanda bincikensa ya shafi auna sauti, to ya tara kuɗinsa ya sayi kwamfutar cinya ko da ta hannu ce. Wanda kuwa aikinsa adabi ne, ko al'ada, ko fassara, ko tattara kalmomi irin nawa, allo da linzami da madanni za su kai shi har babi na biyar, kuma cajinsu yana daɗewa fiye da na tsohuwar kwamfutar cinya. Shi ma yatsa ban sallame shi ba, domin wajen buɗa hoto ko karanta littafi shafi bayan shafi ya fi linzami sauƙi.

Da aka janye yajin aiki a watan Oktoba na bar wa ɗan Kawu linzamin farko mai toshe, tare da jadawalin a wayarsa. Kawu dai har na taho yana rubutawa a littafinsa, kuma kowace Asabar sai an karanta masa adadin allo ya gwada da nasa kafin ya buɗe jakar kuɗi.